Yadda ake jera matakan kare tsofaffi daga faɗuwa: abin da za a fara da shi da abin da zai jira

Idan tsoho ya faɗi, abin da yawancin iyalai suke fara yi shi ne su nemo masa sanda, su ce ya rage zirga-zirga. Niyyar mai kyau ce, amma an soma daga inda ya kamata a ƙare. Zama wuri ɗaya yana cinye ƙarfin ƙafa cikin 'yan makonni, kuma ƙafar da ta yi rauni ita ce za ta sake kayar da shi. Matakan hana faɗuwa suna da yawa, sai dai ba nauyinsu ɗaya ba, kuma babu iyali ko ma'aikacin lafiya da zai iya yin su duka lokaci guda. Dole a san wanda za a yi yau, da wanda za a fara cikin mako, da wanda ba ya buƙatar a ɓata masa lokaci sam.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, mafi yawansu waɗanda suka haura shekara 60, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka kai 65 yana faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na karayar ƙashin ƙugu a tsofaffi daga faɗuwa take.

Mataki na farko: a gano matsayin haɗarin mutumin

Ba a fara gyara kafin a san wanda ake yi wa. Tambayoyi uku ne ake buɗewa da su. Ka faɗi a cikin watanni 12 da suka wuce? Kana jin jikinka na layi idan ka tsaya ko kana tafiya? Kana fargabar faɗuwa? A yi tambayar da ladabi, kuma a faɗaɗa ta, domin tsofaffi da yawa ba sa ƙirga zamewa ko durƙushewa a matsayin faɗuwa, wasu kuma ɓoyewa suke yi don kada a hana su fita. "Baba, ko akwai ranar da ka tsinci kanka a ƙasa ba da niyya ba?" ya fi fito da gaskiya.

Ƙa'idojin duniya na hana faɗuwar tsofaffi, waɗanda ƙwararru daga ƙasashe da dama suka fitar a 2022, sun raba mutane gida uku. Mai babban haɗari shi ne wanda ya faɗi, kuma aka samu ɗaya daga cikin waɗannan: ya ji ciwon da ya kai shi neman magani, ya faɗi sau 2 ko fiye a shekara, jikinsa ya riga ya yi laushi ƙwarai, ya kasa tashi da kansa ya daɗe a ƙasa, ko ya suma. Mai matsakaicin haɗari shi ne wanda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan amma tafiyarsa ko tsayuwarsa ta samu matsala. Sauran su ne masu ƙaramin haɗari: su shawara suke buƙata, da ƙarfafa musu motsa jiki, sai a sake tambayarsu bayan shekara.

Tafiya da tsayuwa ana auna su ne, ba a kimanta su da ido. Ana buƙatar kujera mai ƙarfi, agogo, da abin awon tsawo. Wani ya tsaya kusa da tsohon a duk gwajin.

Gwajin tashi da tafiya: a ja layi mita 3 daga kujera. Tsohon ya zauna da takalmin da ya saba, da sandarsa idan yana amfani da ita. Da an ce "tashi", ya miƙe, ya je layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo, ya zauna. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ɗaukar daƙiƙa 12 ko fiye a matsayin alamar haɗari, ƙa'idojin 2022 kuma sun sa iyakar a sama da daƙiƙa 15. A lura da yadda yake juyawa, domin a nan ne rauni ke bayyana: taku ƙanana da yawa, jan ƙafa, ko lalube bango.

Saurin tafiya: a auna mita 4. Idan ya ɗauki daƙiƙa 5 ko fiye, saurinsa bai wuce mita 0.8 a daƙiƙa ba, kuma wannan shi ne iyakar da ake duba.

Tashi daga kujera: kujera mai tsayin kusan santimita 43, an jingina ta da bango, hannuwansa a rungume a ƙirji. A ƙirga sau nawa zai miƙe tsaye cak ya zauna cikin daƙiƙa 30. Ga mai shekara 70 zuwa 74, ƙasa da 12 ga namiji ko ƙasa da 10 ga mace rauni ne. Ga mai 80 zuwa 84, ƙasa da 10 ga namiji, ƙasa da 9 ga mace. Wanda ba zai iya tashi ba sai ya dafa, sakamakonsa sifili ne.

Na ƙarshe, ya sa ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, dunduniya tana taɓa yatsun ta baya. Wanda ya kasa riƙe wannan tsayuwar daƙiƙa 10 yana cikin haɗari. A rubuta duk sakamakon da kwanan wata, za a buƙace su nan gaba.

Mataki na biyu: abin da ba ya jira

Kafin motsa jiki, kafin gyaran ɗaki, a tambayi yadda faɗuwar ta faru. Tuntuɓe ya yi, ko kawai ganin kansa ya yi a ƙasa? Wanda ba zai iya tuna yadda ya faɗi ba, ko ya ji bugun zuciya, ciwon ƙirji ko duhun gani kafin ya faɗi, ko ya faɗi kan fuskarsa ba tare da ya kare da hannu ba, a ɗauka suma ya yi har sai likita ya tabbatar da akasin haka. Wannan yana buƙatar gwajin zuciya cikin gaggawa, domin babu makamar banɗaki da za ta tare wanda zuciyarsa ke tsayawa na 'yan daƙiƙoƙi. Haka kuma sabon rauni a ɓari ɗaya, karkacewar baki ko sarƙewar magana: asibiti nan take.

Sai awon hawan jini a kwance da a tsaye. Wannan gwaji ne mai sauƙi da ake yawan tsallakewa, saboda an saba auna jini a zaune kawai. Tsohon ya kwanta minti 5, a auna. Ya miƙe, a auna bayan minti 1, a sake bayan minti 3. Idan, cikin lambobi biyu da awon ke nunawa, lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10 ko fiye, ko jiri ya kama shi, to jininsa yana faɗuwa idan ya tashi. Sababin da aka fi samu su ne magunguna, ƙarancin ruwa a jiki, ciwon suga da ya daɗe, da cutar karkarwar jiki ta Fakinsin. Kafin a ga likita, a koya masa tashi a matakai: ya zauna a bakin gado kamar minti ɗaya, ya motsa idon sawu sama da ƙasa sau 10 zuwa 20, ya miƙe yana dafe da abu, ya ɗan tsaya, sannan ya taka.

Mataki na uku: a zazzage jakar magunguna

A tattara duk abin da yake sha a kai wa likita ko mai harhaɗa magunguna: na asibiti, na kanti, na gargajiya, har da na ɗigawa a ido. Ba jerin sunaye daga ka ba, kwalayen da kansu, domin sau da yawa ana tarar da magani ɗaya da sunaye biyu ana shansa sau biyu.

Waɗanda aka fi zargi, da sunayensu yadda suke a jikin kwali: na barci da kwantar da hankali irin su diazepam, bromazepam da zolpidem, na damuwa irin su amitriptyline, na taɓin hankali irin su haloperidol, masu kashe ciwo masu ƙarfi irin su tramadol da codeine, na mura da ƙaiƙayi masu sa barci irin su chlorpheniramine da promethazine, masu sa fitsari irin su furosemide, na maza masu wahalar fitsari irin su tamsulosin da doxazosin, da na suga masu saurin kayar da suga ƙasa, musamman glibenclamide da allurar insulin. Na barci su ne kan gaba. A jikin tsoho diazepam yana daɗewa kwanaki bai fita ba, don haka ƙwayar daren jiya tana nan tana rage masa hanzari da hantsi.

Abin da ake nema wurin likita a kan kowane magani: har yanzu akwai dalilin shansa? Za a iya rage shi, ko canja lokacinsa, ko musanya shi? Maganin sa fitsari da aka mayar safe maimakon yamma yana iya rage tashin dare. Amma kada iyali su dakatar da komai da kansu. Yanke diazepam da 'yan'uwansa farat ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha na iya jawo farfaɗiya da ruɗewa, ana rage shi ne kaɗan-kaɗan cikin makonni. Maganin hawan jini ma ba a jefar da shi don tsoron jiri, gyara shi ake yi. Giya tana ninka illar duk waɗannan, a yi tambayar ko da an ji nauyi.

Mataki na huɗu: atisayen tsayuwa da ƙarfin ƙafa

Idan abu ɗaya kawai za a iya yi, wannan ne. Nazarin da cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta yi a 2019, wanda ya haɗa gwaje-gwaje fiye da 100, ya nuna motsa jiki yana rage yawan faɗuwa da kusan kashi 23 cikin ɗari. Atisayen tsayuwa da na ayyukan yau da kullum suna ragewa da kashi 24, idan aka haɗa su da na ƙarfafa tsoka kuwa ragin yakan kai kusan kashi 34. Tai Ci, motsa jikin nan na ƙasar Sin mai tafiya a hankali, yana ragewa da kusan kashi 19. An jera shi na huɗu ne don kawai a fara tabbatar da zuciya da jini lafiya, amma da zarar an tabbatar, a fara a makon, saboda shi ne ya fi ɗaukar lokaci kafin a ga amfaninsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar tattaki a matsayin maganin faɗuwa. Tattaki yana da amfani ga zuciya, amma shi kaɗai ba ya gyara tsayuwa, kuma tura mai layi ya riƙa sauri a waje ƙara masa haɗari ne. Jiki yana koyon tsayuwa ne idan an ɗan matsa masa: an rage faɗin inda ƙafafu suka tsaya, an motsa nauyin jiki gefe da gaba, an rage dafawa da hannu.

Shirin da aka fi gwadawa a gida shi ne na Jami'ar Otago da ke Niyu Zilan, wanda ya rage faɗuwa da kusan kashi 35, kuma ya fi amfanar waɗanda suka kai shekara 80. Ana yin sa sau 3 a mako, kusan minti 30, da hutun kwana ɗaya tsakani. Ga ginshiƙan irin wannan atisaye, a yi su kusa da tebur mai nauyi ko wani abu kafaffe:

1. Tashi da zama: ƙafafu a ɗan ja su baya ƙarƙashin gwiwa, a sunkuyo gaba, a miƙe, a koma a zauna a hankali ba a faɗa kan kujerar ba. A fara da 5, a kai 10. Saukar a hankali ita ce ke gina cinya.
2. Ɗage dunduniya a tsaya kan yatsu, sau 10. Sannan ɗage yatsu a tsaya kan dunduniya, sau 10. Na biyun yana ƙarfafa tsokar da ke ɗaga gaban ƙafa, wadda rauninta ke jawo tuntuɓe.
3. Ɗaga ƙafa gefe, gwiwa a miƙe, jiki bai karkata ba, sau 10 kowane ɓari.
4. Miƙe gwiwa a zaune, sau 10. Idan ya yi sauƙi a ɗaura nauyin kilo 1 a idon sawu, a riƙa ƙarawa.
5. Tsayuwar ƙafa gaban ƙafa, daƙiƙa 10, a kai 30, a sauya ƙafa. Daga nan tafiya a haka, taku 10.
6. Tsayuwa kan ƙafa ɗaya, daƙiƙa 10, a kai 30.
7. Tafiya gefe taku 10, tafiya da baya taku 10, da zagaye kamar ana zana lamba 8 a ƙasa.

Sirrin yana wurin ƙarawa. Ana farawa da dafa hannu biyu, sai hannu ɗaya, sai yatsu biyu, sai hannu yana shawagi kusa da teburin bai taɓa ba. Atisayen da ya zama babu wahala ya daina aiki. Wanda ya sa tsohon yana damƙar tebur da ƙarfi kuma ya yi masa yawa. Ana so ya ji 'yar rawar ƙafa amma yana iya riƙe kansa. Mafi ƙarancin lokaci makonni 12 ne, kuma amfanin yana zagwanyewa idan aka daina, don haka a nemo masa lokaci tsayayye da abokin yi. Ɗan tsamin jiki washegari ba komai ba ne. Ciwon ƙirji, haki mai tsanani, jiri, ko ciwon gaɓa mai suka, a tsaya. Mai babban haɗari, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ya fara a hannun likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi kafin ya ci gaba a gida.

Mataki na biyar: gyaran muhalli, ga wanda ya dace

A nan ma akwai fifiko. Nazarin Cochrane na 2023 ya gano cewa kawar da abubuwan haɗari a gida yana rage faɗuwa da kusan kashi 38 cikin ɗari ga masu babban haɗari, amma bai nuna wani tasiri ba ga waɗanda ba su cikin haɗari. Wato ga tsoho mai kuzari da bai taɓa faɗuwa ba, atisaye ya fi sauya tayil. Ga wanda ya faɗi sau biyu kuwa, gyaran ya zama na wannan makon.

Kada a zagaya gidan da takarda ana duba kaya. A bi tsohon a baya yana harkarsa, a ga inda yake dafawa, inda yake miƙa hannu sama, inda yake gaggawa. Hanyar da ta fi kowacce haɗari ita ce daga gado zuwa banɗaki da dare: ga magagin barci, ga duhu, ga jini bai daidaita ba, ga matsuwar fitsari. Ita za a fara gyarawa. Fitila ta kasance inda hannunsa zai kai yana kwance. A kwashe wayoyin lantarki, takalma da ƙananan shimfiɗu masu naɗewa daga hanyar. Idan banɗakin da nisa, a ajiye masa mazubin fitsari ko kujerar bayan gida kusa da gado. Tsayin gado ya zama idan ya zauna a baki tafin ƙafarsa yana ƙasa sosai, gwiwa daidai da ƙugu ko ɗan ƙasa da shi.

A banɗaki a kafa makama a bango da kusoshi masu shiga sosai, tsayin santimita 84 zuwa 91 daga ƙasa, a gwada ta da nauyin babban mutum. Maratayin tawul da bututun ruwa ba makama ba ne, ɓallewa suke yi. Masu manne wa bango da iska su ma suna saki ba sanarwa. Mazaunin bayan gida ya kai santimita 43 zuwa 48, kuma inda na tsuguno ne a ɗora kujera mai rami a kai. A sa shimfiɗar roba mai hana santsi da kujerar wanka. A matakala, makama ta bi ta tun daga takin farko har na ƙarshe, a shafa fenti mai haske a bakin kowane taki, musamman na ƙarshe, wanda ake yawan zaton an riga an sauka.

Ido, ƙafa da sanda

A duba ido sau ɗaya a shekara. Cire yanar ido, tun daga idon da aka fara yi wa aiki, yana rage faɗuwa, don haka kada a yi ta ɗage aikin. Tabarau mai haɗe da na karatu a ƙasa yana dusashe bakin matakala, mai yawan fita ya samu na hangen nesa zalla don tafiya. Sabon tabarau da aka canja ƙarfinsa sosai yana rikita awon nisa a makonnin farko, a yi hattara a lokacin.

Takalmi ya zama mai rufe dunduniya, mara tudu, mai ƙasa mai kama daɓe. Silifas mai saɓulewa da safa a kan tayil suna cikin manyan masu kayar da mutane. Mai ciwon suga a duba ko tafin ƙafarsa yana jin taɓi.

Sai yanzu aka zo kan sanda. Idan ya tsaya da takalmi hannu a sake, kan sandar ya zo daidai wuyan hannu, yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa idan ya riƙe. Ana riƙe ta a hannun da ke ɓarin ƙafa mai lafiya, ta tafi tare da ƙafa mai ciwo. Wajen hawa, ƙafa mai lafiya ce gaba. Wajen sauka, sanda da mai ciwo. A riƙa duba robar gindinta, idan ta cinye sandar ta zama abin zamewa.

Bitamin D kuwa ba a ba kowa don hana faɗuwa, sai wanda ake zaton yana da ƙarancinsa. Wani gwaji a Ostareliya a 2010 ya nuna cewa babban kaso sau ɗaya a shekara ƙara faɗuwa da karaya ya yi. Wanda ya taɓa karyewa daga 'yar ƙaramar faɗuwa, shi kam a kai shi a duba ƙarfin ƙashinsa, akwai magungunan da ke rage karaya ta gaba.

Idan duk da haka ya faɗi

A koya masa tashi tun kafin ranar ta zo: ya mirgina gefe, ya hau hannu da gwiwa, ya rarrafa zuwa kujera mai ƙarfi, ya dafa ta da hannu biyu, ya kafa tafin ƙafa mai ƙarfi a gaba, ya tura sama, ya juya ya zauna. Waya ta kasance a jikinsa ko inda zai kai gare ta daga ƙasa, domin daɗewa a ƙasa fiye da awa ɗaya yana iya jawo ƙishirwa mai tsanani, gyambon kwanciya da lalacewar ƙoda. Kada a ciccibe shi idan yana kukan ciwo a matsematsi ko ƙugu, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje: alamar karaya ce, a lulluɓe shi a nemi taimako. Wanda ya bugu a kai yana shan maganin tsinka jini irin su warfarin, a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, kuma a sa ido kan ciwon kai, yawan barci ko ruɗewa har makonni bayan haka, saboda jini na iya taruwa a hankali.

Ga mai babban haɗari, a sake zama cikin kwana 30 zuwa 90. A maimaita gwajin tashi da tafiya da na kujera, a kwatanta da lambobin farko, a sake auna jini a kwance da a tsaye idan an taɓa magunguna. Idan lambobin ba su motsa ba bayan makonni 12, ko dai ba a yin atisayen yadda ya kamata, ko bai kai wahalar da ake so ba, ko akwai wata cuta da ba a gano ba. Duk wata sabuwar faɗuwa, kwanciya asibiti ko sabon magani kuma yana mayar da aikin mataki na farko.